Akushin da Za a Kai Rafin Tilkwa

Ya mai girma shugaban majalisar al'ummarmu, kuma shugaban wannan taro, Leland Krise, wanda ya tare ni tun a bakin ƙofa ya ce minti goma aka ba ni, ranka ya daɗe, na ji, Allah ya ba mu ikon cikawa. Ya 'yan majalisa maza da mata. Ya iyayenmu da kakanninmu da ke kujerun gaba, musamman Goggo Philomena, wadda ta rufe ido, amma kada wani ya yi gangancin ɗauka barci take yi. Ya babban baƙonmu Mista Hargrove, wakilin gwamnatin jiha, wanda ya yi tuƙin awa uku ya iso mana da sabon takalmin shiga ruwa da ko ɗigon laka bai taɓa gani ba. Ya wakilan kamfanin katako, waɗanda kakanninsu suka aske mana tsaunuka ƙwal, su kuma jikokin suka zo mana yau da tsarabar huluna masu hoton kifi. Ya masunta, masu taru da masu koma. Ya matan madafa, waɗanda tun asuba ba su zauna ba. Ya 'yan jarida, da duk wanda ya cika wannan dogon zaure, da wanda ya zo don rafi, da wanda ya zo don abinci, barkanmu da ganin wannan rana.

Saboda baƙi, sunana Verna, 'yar marigayi Alvin Sicade. A takarda ni ce masaniyar kifi ta al'umma, shekara ashirin da shida ke nan ina cikin ruwa har ƙugu. A bakin mutanen garin nan kuwa, ni ce matar nan da ke ƙirga kifi ta hana a ci. Duka sunayen biyu ina amsawa.

Ina godiya ga majalisa da ta haƙura da ni duk tsawon shekarun nan, ko da yake sau biyu ta yi zaman sallamata aka rasa mai son aikin. Ina godiya ga ma'aikatana, waɗanda sanyi ya cinye wa gwiwoyi. Ina godiya ga Mista Hargrove saboda wannan allon tagulla da ya miƙa mini ɗazu. An rubuta sunana daidai, abin da ba mu saba gani ba. An kuma zana kifi a jiki. Ba salmon ba ne, wato kifin rafinmu, wani kifin tabki ne mai gashin baki, amma kyauta ba a raina ta.

Jama'a, abu biyu ya tara mu. Wanda aka buga a takardar gayyata shi ne murnar kammala gyaran rafin Tilkwa, tare da bikin kifin farko, wanda ga akushinsa nan a gabanku lulluɓe da bargo. Wanda ba a buga ba, kuma shi ya cika zauren nan har bakin ƙofa, shi ne ƙuri'ar da za ku kaɗa bayan cin abinci, a kan shawarar Baffa Delbert, ƙanin mahaifina, shugaban masunta, cewa a buɗe rafin a jefa taru ranar Litinin. Ni kuwa na tsaya nan ne in roƙe ku a bar shi a rufe shekara huɗu. Kafin in kai can, ina da maganganu uku, kuma kowa zai samu rabonsa.

Ta farko, maganar itace. Ina 'yar shekara tara masana suka zo daga babban birni, suka duba Tilkwa sama da ƙasa, suka yanke hukunci cewa rafin ya yi datti. Dattin kuwa shi ne gumaguman itatuwan da suka faɗa ciki tun zamanin kakannin kakanni. Suka ce su ne ke tare wa kifi hanya. Aka ɗauki mazan garin nan aiki, da mahaifina, da Baffa Delbert yana saurayi, aka ba su zarto da sarƙa da tarakta, rani uku suna jan itace daga ruwa, har rafi ya fito tas, miƙaƙƙe kamar lambatu. Goggo Philomena, yayarsu, ta tsaya a bakin gaɓa ta tambayi shugaban aikin, in aka kwashe wa mutum ɗakunansa, ina zai fake, ina zai ajiye 'ya'yansa? Ya yi murmushi, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya gode mata saboda abin da ya kira hikimar gargajiya, sannan ya ɗaga wa mai tarakta hannu ya ci gaba. Ambaliyar farko ta kwashe tsakuwar da ƙwan kifin da ke cikinta ta kai teku.

Daga baya al'umma ta tura ni jami'a. Na yi shekara shida, na dawo da digiri biyu da wani sabon ilimi da aka gano da ɗuminsa, wai kifi yana son itace. Muka rubuta takardu, muka cike fom, muka yi hayar jirgi mai saukar ungulu, ya riƙa sauke gumagumai ɗari huɗu cikin rafi, kuma ba sai na faɗa muku wajen wa muka sayo su ba, ga su nan zaune da hulunansu. Uba ya fitar da itace, aka ba shi takardar yabo. 'Ya ta mayar da itace, aka ba ta allon yabo, daga ofishi ɗaya. Ta mahaifina tana nan rataye a falo. Zan rataya nawa kusa da ita su riƙa hira. Da ma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa na hau har jirgi, abin da na gano shi ne abin da Goggo ta faɗa tana tsaye a ƙasa.

Ba zan wuce kwalbati ba, don Mista Hargrove ya ambace shi a jawabinsa har sau huɗu. Bututun ƙarfe ne a ƙarƙashin titi, bakinsa rataye a sama da ruwa tsayin ƙirjin mutum. 'Yan tsirarun kifin da suka ƙi ƙarewa kan zo kowace kaka, su yi tsalle, su gwara kai, su faɗo, su sake, har ƙarfinsu ya ƙare su mutu da ƙwansu a ciki. Shekara ashirin da biyu muna taro a kan bututun nan. Kwamiti ya haifi kwamiti, har ya ga jikoki. An yi nazari biyar, dukansu suka tabbatar cewa kifi ba ya tashi sama. Ranar da aka ga dama, kwana goma sha ɗaya aka yi aka cire shi aka kafa gada. Baƙonmu ya kira wannan haɗin gwiwa. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, haɗin gwiwa ne, amma sai da alƙali ya buga guduma gwiwoyin suka san juna.

Ta biyu tawa ce, don laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Saboda baƙi zan faɗi abin da kowane yaro a nan ya sani. Kifin farko na shekara baƙo ne. A akushin nan ake ɗauko shi da waƙa, a gasa shi, kowa ya samu ko da kamar farce ne, sannan a tattara ƙasusuwansa ba a karya ko ɗaya ba, a mayar da su rafi, domin ya koma ya gaya wa danginsa cewa gidan nan an san girman baƙo, su biyo shi. Goggo Philomena ce mai riƙon ƙasusuwan tun kafin a haife ni.

Shekarar da na dawo daga jami'a, kaina ya kumbura har ƙofa tana yi mini kaɗan, na bi ta zuwa rafi, na bari ta gama, sannan na ce mata cikin tausasawa irin ta masu ilimi, "Goggo, kin san dai ƙashi ba ya magana."

Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ke ma ba a ce ki yi ba."

Bayan shekara bakwai, masana suka sake gano wani abin mamaki: wai gawar kifi ce ke ciyar da rafi, ƙwari su ci gawa, 'yan kifi su ci ƙwari, har itatuwan gaɓa su samu rabo. Sai ga Verna mai digiri biyu tana zuwa gidan ƙyanƙyasar kifi da akori-kura, tana loda mushen da suka gama da shi, tana watsawa cikin Tilkwa da shebur. Wari kuwa, karena da kansa ya daina shiga motar. Wata safiya ina cikin wannan hidima sai ga Goggo ta sa an kawo ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me nake yi. Na ce ana kiransa ƙara wa ruwa sinadari.

Ta ce, "Oho. Mu ɗaya muke kawowa, da waƙa, da tsabta, kin ce jahilci ne. Ke kina watsa ɗari biyar da shebur kina toshe hanci, shi ne ilimi. Ko sannu kina ce musu?"

Tun daga ranar nake ce musu sannu. Ma'aikatana suna nan, a tambaye su.

Ta uku tamu ce gaba ɗaya, kuma ita ce mai ɗaci, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara arba'in ba a kama kifi a Tilkwa ba, amma shekara arba'in bikin nan bai taɓa fashi ba. To ina kifin farkon ke fitowa? Kada kowa ya sunkuyar da kai, duk mun sani. Daga babban kanti na cikin gari yake fitowa, a akwatin ƙanƙara, ɗan Alaska. A bayan madafa ake ɓare masa takardar kanti, a wanke shi, a shimfiɗa shi a kan rassan itacen sida, sannan mu sa tufafin kakanni, mu buga ganga, mu yi masa maraba da dawowa gida, shi kuwa bai taɓa jin sunan garin nan ba. Mu kai ƙasusuwansa rafi mu ce je ka gaya wa danginka. Ya kuwa je. Shekara arba'in muna aika yabo Alaska, muna mamakin yadda kifi ya yi musu yawa. Mun yi haka ne don kada biki ya mutu, na sani, kuma ban raina waɗanda suka fara ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma mun saba da aron har mun manta aro ne.

Yanzu ga inda muke. Bara, kakar farko bayan an cire kwalbati, kifi hamsin da takwas suka wuce ƙarƙashin gada, ashirin da bakwai mata. Bana sun fara shigowa; jiya da safe na ƙirga goma sha tara. Kowace mace da wutsiyarta take tona tsakuwa har wutsiyar ta ɗaye ta yi fari, ta zuba ƙwai wajen dubu uku, ta tsaya gadi ba ci ba sha har ta mutu a kansu. Cikin dubu ukun nan, in an yi sa'a, biyu ko uku ne za su dawo bayan shekara huɗu. Taru ɗaya, hantsi ɗaya, ya isa ya kwashe goma sha taran nan har da waɗanda ke hanya. Wannan ba kamun kifi ba ne, cin iri ne. Na ga samarin da suka riga suka sayo sabon taru, ga shi can a bayan motoci, ko kunyar rufe shi ba su ji ba. Na ga 'yan majalisar da suka tuna akwai zaɓe da bazara, ba zato suka kamu da ƙaunar masunta. Waɗannan ba su dame ni ba.

Wanda ya dame ni Baffa Delbert ne, domin shi ba kwaɗayi ya kawo shi ba, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce kakanninmu sun ba da ƙasa har iyakar gani, abin da suka riƙe a yarjejeniyarsu da gwamnati shi ne kifi. Ya ce manyan jiragen teku suna kwasar kifin nan tun bai ga bakin kogi ba, ba mai ce musu uffan, sai mu kullum ake zo wa da haƙuri. An bar jaki ana dukan taiki. Gaskiyarsa. Ya ce 'yancin da ba a amfani da shi, wata rana za a ce ba a taɓa yinsa ba. Nan ma gaskiyarsa. Duk wannan zan iya amsawa da lissafi. Amma makon jiya ya shigo ofishina, ya ƙi zama, ya tsaya da hularsa a hannu ya ce, "Verna, Yaya shekararta tamanin da tara. Ita ta goya ubanki, ita ta goya ni. Kin ce shekara huɗu. Ke kika rubuta mata takardar shekara huɗu? Ina so ta ɗanɗana kifin rafinta kafin ta tafi, shi ke nan."

Ya fita, na kulle ƙofa, na yi kuka.

Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, majalisa ta yi da ni yadda ta ga dama. Ina da takardar izinin ɗaukar kifi biyu a shekara don bincike. Ranar Talata da hantsi na je na ɗauko Goggo, na tura kekenta har kan sabuwar gada. Ruwa ya kwanta, ana ganin tsakuwa. Ga su nan a inuwar wani gungume, bakwai, sun juya kai sama suna kaɗa wutsiya. Ta leƙa, ta gaishe su da harshenmu, gaisuwar da na jima ban ji ba, hawaye yana bin kumatunta. Sai ni, mai hana mutane, mai wa'azin shekara huɗu, na sunkuya na raɗa mata cewa ga koma a mota, ga takarda a aljihu, zan ɗauki namiji ɗaya in rubuta bincike, in gasa mata a bayan gida, ba wanda zai sani.

Ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Kin yi furfura amma har yau da sauranki. Mutumin da kuka rushe wa gida, kuka toshe masa ƙofa shekara arba'in, ya leƙo ya ga ko kun shiryu, sai ki tare shi da wuƙa? Bar su su ajiye 'ya'yansu, su mutu a gadonsu, ƙasusuwansu su kai labari da kansu."

Na ce, "Goggo, shekara huɗu fa."

Ta ce, "Na iya lissafi tun kafin ki iya tafiya. Ɗanɗanonsa yana bakina tun ina yarinya, ba wanda ya ƙwace mini. Ku ne ba ku san shi ba. Ku ne abin tausayi."

A hanyar komawa ta ba ni umarni biyu. Na farko, ta ce hannunta ya gaji, daga bana ni ce mai riƙon ƙasusuwa, ni da na ce ƙashi ba ya magana. Na biyu, ta ce ta gaji da yi wa rafi ƙarya, kada ɗan Alaska ya sake hawa akushinta. Matan madafa sun ji wannan umarni, sun kuma riƙe sirri kwana huɗu, abin da ya cancanci allon tagulla fiye da nawa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, da izininka zan yaye bargon nan. Ga shi. Ku miƙa wuya ku duba da kyau, na baya ku tashi tsaye. Rassan sida ne kawai. Wannan shi ne kifin farkon rafin Tilkwa na bana, kuma shi ne na gaskiya na farko da aka ɗora a kai tun ina yarinya. Mista Hargrove, ka gaya mini a wajen ajiye motoci cewa ko karin kumallo ba ka yi ba saboda gasasshen kifinmu. Ka yi haƙuri, akwai naman barewa da dankali da soyayyen burodi, kifin kuwa sai ka dawo bayan shekara huɗu, lokacin takalmin ya ɗan ga laka. 'Yan jarida, ku ɗauki hoto, wannan ya fi allon.

Ku kuma 'yan'uwana, ƙuri'a taku ce, rafi naku ne, ba nawa ba, ba na gwamnati ba. In kun ce a jefa taru ranar Litinin, ba zan tare kowa ba, zan tsaya a kan gada in ƙirga abin da ya rage. In kun ce a jira, ba zan yi muku alkawarin komai ba, don teku ba ta karanta rahotona. Abin da na sani kawai, wanda aka bari zai iya dawowa, wanda aka cinye ba ya dawowa. Ina roƙonku don girman waɗanda suka riƙe mana kifi lokacin da suka saki ƙasa, ina roƙonku don yaran da ke guje-guje a waje waɗanda suka ɗauka kifi a kanti ake haifarsa, ku bar goma sha taran nan su wuce.

Allah Mahaliccin ruwa da abin da ke cikinsa ya albarkaci wannan taro. Ya jiƙan iyayenmu da suka ja itace da umarnin masana, ya yafe wa masanan, ya yafe wa waɗanda suka gaje su, har da ni. Ya sanyaya mana rafi, ya tsare ƙwai a cikin tsakuwa, ya dawo mana da baƙinmu lafiya. Ya ƙara wa Goggo Philomena shekara huɗun da ta ƙi roƙa, har ta ci da bakinta. Ya mayar da baƙinmu na kan tudu gidajensu lafiya, da hulunansu.

Saura abu ɗaya. Akushin nan, ko da kifi ko babu, sai an kai shi rafi kafin a ci abinci, kuma mutum biyu ke ɗaukarsa: mai riƙon ƙasusuwa a gefe ɗaya, shugaban masunta a ɗaya gefen. Ni ga ni a nawa gefen. Ba zan ɗauka ni kaɗai ba, ba a taɓa yi ba. Baffa, na ga ka miƙe ka sa hula, ban sani ba ko ƙofa ka nufa.

To. Ashe nan ya nufo, ku ba shi hanya, jama'a. Kama ta can, Baffa, a hankali da gwiwar nan. Goggo ta buɗe ido, wani ya turo kekenta a bayanmu.

Na gode.